Na Yi Rowar Dala 36 a Gidan Mai, Na Zubar da Dubbai a Ofishin Dila



Yau labarin wata mota zan ba ka, da irin wautar da na tafka a kanta. Kar ka ce an sauka daga layi, domin duk abin da ya kamata in yi don in tsira, da wayar da ke aljihuna zan yi shi, cikin minti goma, amma ban yi ba. Idan kana zaune a Amurka ko Turai ko Saudiyya kuma idonka na kan wata babbar mota, wannan naka ne. Idan kuma kana gida kana shirin sayen 'yar Kwatano wadda aka yi wa kasuwar Amurka, ka daure ka kai ƙarshe, akwai rabonka a ciki.

A birnin Houston nake, a jihar Texas. Shekarun baya na shiga wani kamfanin sayar da motoci da niyyar kallo kawai. Na fito da baƙar mota ƙirar Jamus, doguwa, kujerun fata, ƙamshin sabunta har cikin kai. Ban saya ba. Na ɗauke ta a tsarin da suke kira lis, wato hayar mota ta shekara uku. Mai sayarwar ya yi mini tambaya ɗaya tak: "Nawa za ka iya biya a wata?" Na ce dala 800. Ya shiga ciki, ya daɗe, ya dawo yana murmushi ya ce an dace. Na sa hannu a takardu kusan goma, ban karanta ko rabin guda ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, ka san sauran.

LAMBOBIN DA KE JIKIN FAMFON MAI

Ranar da na fara kai ta gidan mai, na buɗe murfin tanki sai na ga rubutu a ciki: mafi ƙaranci 91. A famfon kuma maɓallai uku ne, 87 da 89 da 93. Na danna 93, na ga kuɗin da ya hau, gabana ya faɗi. Bambancin da ke tsakaninsa da 87 a unguwarmu ya kai wajen santi 80 a kowane galan, galan ɗaya kuwa lita 3.8 ne.

Wata uku na jure. Daga nan sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ai duk fetur fetur ne, wayon 'yan kasuwa ne kawai. Na koma 87.

Bari in yi maka bayanin abin da lambar take nufi, don ni ma sai daga baya na gane. Sunanta oktan. Ba ma'aunin ƙarfin mai ba ce, kuma ba ma'aunin tsabtarsa ba ce. Abin da take aunawa shi ne juriyar fetur: yaya zai daure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya kama da wuta da kansa ba. Yadda aka tsara inji, fistan zai matse haɗin mai da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bi ta cinye haɗin a tsanake. Idan man ba shi da juriya, wani ɓangarensa sai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso wurinsa. Shi ne za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kada ka haɗa wannan da abin da makanikai a gida suke cewa inji ya buga saboda rashin baƙin mai. Wannan daban ne, amma idan ya yi yawa kuma ya daɗe, yana iya lalata fistan.

Manyan motoci da yawa injinsu na da matsi mai yawa, ko kuma turbo da ke cusa ƙarin iska. Shi ya sa suke neman mai mai juriya. Motocin zamani suna da wata 'yar na'ura da ke sauraron wannan ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai ƙwaƙwalwar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin. Motar ba za ta mutu a hanya ba, sai dai ƙarfinta ya ragu, shan manta ya ɗan ƙaru.

Haka ya faru da ni. Wata rana cikin Agusta, zafin Houston na dukan kwalta, na'urar sanyi a kunne, mutum huɗu a mota, na taka totur zan hau babban titi. Motar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela, na kuma ji 'yar ƙarar nan ta gwangwani. Na sayi wata ƙaramar na'ura ta OBD-II, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta Bluetooth. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wannan soket. Na buɗe manhajar Torque, na ga da idona yadda lokacin tartsatsi ke ja da baya duk sa'ad da na taka da ƙarfi. Na koma 93, abin ya daidaita.

To sai na zauna na yi lissafin rowar tawa. A shekara ukun na yi tafiyar mil 41,000. Motar na cin mil 25 a galan, wato galan 1,640 ke nan. Ka ninka da santi 80, ya ba ka dala 1,312. Ka raba wata 36, dala 36 ne a wata. A kan dala 36 nake wasa da injin motar da ba ma tawa ba ce, alhali takardar da na sa wa hannu ta ce dole in kula da ita yadda littafinta ya tsara. Da injin ya samu matsala aka gano man da nake zubawa, garanti na iya zamewa ya bar ni da bashi.

Amma ka lura, kuskuren yana da fuska biyu. Akwai masu zuba mai tsada a motar da ba ta buƙatarsa, wai suna yi mata gata. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada hakan, ta ce direbobin ƙasar na zubar da kusan dala biliyan 2.1 a shekara a banza ta wannan hanya. Motar da aka yi wa 87, ko ka ba ta 93 ba za ta ƙara gudu ba. Idan tsabtar inji kake nema, sinadarin wanke inji ne ke yin wannan aikin, kuma gidajen man da ke da tambarin Top Tier suna zuba shi a duka matakan mansu, har da mai arha.

Saboda haka ka buɗe littafin motar ka nemi kalma ɗaya. Idan ka ga "required", dole ne, babu ciniki. Idan ka ga "recommended", shawara ce: za ta yi aiki da na ƙasa, ka ɗan rasa ƙarfi. Kuma tsadar mota ba ita ke nuna man da take sha ba. Marsandi na Amurka suna neman 91. BMW na ba da shawarar 91. Amma Lexus ES 350 na shekarun baya-bayan nan 87 take sha lafiya lau, yayin da yayarta LS 500 ke neman mai tsada.

91 ƊIN AMURKA BA 91 ƊIN SAUDIYYA BA NE

Nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗewa. Ma'aunin oktan iri biyu ne a duniya. Turai da ƙasashen Larabawa da mafi yawan Afirka suna rubuta wanda ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa RON da wani gwaji mai tsanani da ake kira MON su raba biyu, shi ya sa za ka ga an rubuta (R+M)/2 a jikin famfonsu. Lambarsu takan yi ƙasa da ta RON da kusan huɗu zuwa biyar.

A taƙaice: 87 na Amurka ya yi daidai da kusan 91 zuwa 92 a RON. 91 nasu shi ne kusan 95. 93 nasu shi ne kusan 98.

Ka ga ke nan, idan kana Jidda da motar da aka shigo da ita daga Amurka, murfinta ya ce 91, kai kuma ka ga famfon 91 ka yi murna, to ka zuba mata ƙaramin mai. Famfon 95 ne nata.

A Najeriya kuwa fetur iri ɗaya ne a famfo, ba a ba ka zaɓi. Sunan da hukuma ke kiransa, PMS, akwai kalmar "premium" a farkonsa, amma suna ne kawai, ba shi ne mai tsadar da littafin motarka ke nufi ba. Tunda ba ka da zaɓi a gidan mai, zaɓinka yana wurin sayen mota. Kafin ka biya kuɗin 'yar Kwatano, ka duba murfin tankinta. Idan ka riga ka saya kuma tana neman babban mai, to ka riƙa shan mai a gidan da ake yawan ciniki, ka guji na 'yan bumburutu, ka daina taka ta da ƙarfi a zafin rana da kaya a bayanta. Kana tune da abin da ya faru a Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. Su kuma 'yan kwalaben nan da ake cewa suna ɗaga oktan, ka karanta jikinsu da kyau. Da yawansu idan sun ce maki uku, suna nufin 0.3, ba uku cur ba.

INDA AINIHIN KUƊIN YA TAFI

Yanzu mu koma ofishin dila, don a can aka yanke ni, ina ta faman hararar famfon mai.

Ka san yadda ɗan adaidaita sahu yake karɓar sabo a hannun mai shi, ya riƙa biya kullum ko mako-mako har ya gama, babur ya zama nasa? To lis ba haka yake ba. A lis, ka gama biyan shekara uku, ka miƙa makulli, ka tafi gida a ƙafa. Abin da kake biya shi ne faɗuwar darajar motar a lokacin da take hannunka, sai kuma ladan kuɗin da kamfani ya sa. Ga lambobina, na cire haraji don kowace jiha da tsarinta:

Farashin da ke jikin gilashi: dala 60,000.
Farashin da muka daidaita: dala 58,000.
Kafin alƙalami da na bayar: dala 4,000. Saura 54,000.
Darajar da suka ƙiyasta motar za ta yi bayan shekara uku: kashi 55 cikin 100 na farashin gilashi, wato 33,000.

Ka cire 33,000 daga 54,000, saura 21,000. Raba wata 36, dala 583 ke nan a wata. To ina ragowar da ta cike 800?

Akwai wata 'yar lamba a takardar da ban ko kalla ba: 0.0025. Suna kiranta "money factor". Ana haɗa 54,000 da 33,000, a ninka da ita, sai ta ba da dala 217 da rabi duk wata. Idan kana so ka san mene ne ita a zahiri, ka ninka ta da 2,400. Tawa ta ba da 6. Wato kuɗin ruwa ne na kusan kashi 6 cikin 100 a shekara, an canza masa riga. A shekara uku ya tashi dala 7,830. Ni da nake tutiya ban taɓa cin bashin banki mai ruwa ba! Ni ba malami ba ne, ba zan ba ka fatawa ba. Abin da zan ce shi ne, idan za ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka je masa da takardar da wannan lissafin a hannu, kada ka ce masa haya ce kawai. Ka kuma bincika tsarin ijara da murabaha na cibiyoyin kuɗi marasa ruwa, irin wanda bankin Jaiz ya fara a Najeriya a 2012, ka kwatanta jimillar kuɗin.

Ba a nan ta tsaya ba. An ba ni mil 10,000 a shekara. Na ji kamar da yawa ne. Amma kilomita 16,000 ne, wato kusan kilomita 44 a rana. Zuwa aiki da dawowa kaɗai ya cinye shi. Ga ziyarar 'yan uwa a Dallas, mil 240 zuwa, 240 dawowa, duk sa'ad da aka yi suna ko biki, kuma wa zai bar irin wannan mota a gida ranar biki? A ƙarshe na haura da mil 11,000. Kowane mil santi 25. Dala 2,750 suka fita a rana ɗaya. Aka ƙara da kuɗin mayar da mota, da kuɗin wani ƙarfen taya da na goga a gefen titi.

Ka tara: kafin alƙalami 4,000, biyan wata-wata kusan 28,800, tarar mil 2,750. Sama da dala 35,500, ban da inshora mai tsada da suka wajabta mini, ban da ƙananan caji. Ranar da na mayar da ita, abokina ne ya zo ya ɗauke ni a tsohuwar Corolla ɗinsa da ya gama biya tun shekara shida da suka wuce. Bai ce komai ba, shirun nasa ma ya fi zafi.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. A shekara ta biyu aiki ya ja baya, na nemi in mayar da motar kafin lokaci. Da suka lissafa mini abin da zan biya don in fita, ya kusa kai ragowar kuɗin watannin gaba ɗaya. Dole na riƙe ta. A watannin nan sau uku ina rage abin da nake aika wa Hajiya a gida, ina ce mata abubuwa ne suka ɗan yi tsauri. Tana yi mini addu'a a waya, ni kuma ina zaune a kan kujerar fata.

TO LIS HARAMIYAR HANYA CE GA KOWA?

A'a, kada in yi rashin adalci. Akwai wanda ya dace da shi: mutumin da tafiyarsa kaɗan ce kuma ya san adadinta, kuɗin shigarsa tsayayye ne, kuma dama can duk shekara uku yake canza mota. Irin wannan zai zauna cikin garanti koyaushe, domin manyan kamfanonin nan a Amurka suna ba da shekara huɗu ko mil 50,000, kuma gyaran motar Jamus bayan garanti ba wasa ba ne. Faɗuwar daraja ma ba ta dame shi ba, an riga an yanke ta a takarda.

Amma idan kai mai riƙe mota ne shekara bakwai ko goma, ko mai yawan tafiya, saye ya fi maka. Mafi sauƙi ma shi ne ka sayi wadda wani irina ya mayar bayan shekara uku. Shi ya sha zafin faɗuwar darajar, kai ka same ta a kusan rabin kuɗi. Abin da na yi daga baya ke nan. Na shiga adashi da 'yan uwa, na haɗa da abin da na tara, na sayi Lexus ES 350 ta hannu, kuɗi a hannu. Tana shan 87, ba wanda ke ƙirga mini mil.

ABIN DA ZA KA YI DA WAYARKA KAFIN KA SA HANNU

1. Ka sauke littafin motar. Rubuta sunanta da shekararta a Google, kamfanoni da yawa sun sa shi kyauta a PDF. Ka nemo shafin mai, ka ga lambar da take so, ka kuma tabbatar ko RON ce ko ta Amurka.

2. Ka buɗe Google Maps ka auna tafiyarka ta gaskiya: aiki, makarantar yara, kasuwa, masallacin Juma'a, ziyara. Ka ninka ta shekara, ka ƙara kashi 20 cikin 100 don abin da ba ka zata ba.

3. Idan an tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, kada ka amsa. Ka ce a fara da farashin motar. A lis ma ana cinikinsa kamar yadda ake yi a saye.

4. Ka nemi lambobi huɗu a rubuce: farashin da aka daidaita, darajar ƙarshe, 'yar lambar nan ta ruwa, da kuɗin kowane mil da ya haura. Ka ninka ta ukun da 2,400 a kalkuleta a gabansu. Sau da yawa dila na da damar ɗora nasa a kan wadda kamfanin kuɗi ya bayar, don haka ita ma ana cinikinta.

5. Kada ka zuba kafin alƙalami mai yawa a lis. Idan aka sace motar ko ta yi mummunan haɗari a wata na biyu, inshora mai motar za ta biya, kuɗinka kuwa da wuya ya dawo.

6. Idan ta hannu za ka saya, ka ɗauki hoton lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka bincika tarihinta a Carfax ko makamancinsa. Ina Houston lokacin guguwar Harvey a Agustan 2017, na ga motoci birjik ruwa ya shanye su. Irinsu akan yi gwanjonsu, a wanke, a goge, wasu har su tsallaka teku.

7. Ka tara komai na shekara uku a wuri ɗaya: biya, mai, inshora, taya, gyara. Ka cire abin da motar za ta yi idan ka sayar, in taka ce. Ka yi haka ga lis, ka yi ga saye, ka ajiye su gefe da gefe. Sannan ka kwana a kai, kada ka sa hannu a ranar.

Akwai wani ɗan gwaji da nake ba duk wanda ya nemi shawarata yanzu. Ka lissafa bambancin kuɗin man da motar ke nema a wata. Idan ka ji wannan ɗan kuɗin ya tsaya maka a rai, har ka fara tunanin yadda za ka kauce masa, to aljihunka bai kai motar ba tukuna, domin taya da burki da inshora suna nan tafe kuma duk sun fi shi. Ni da na yi wa kaina wannan gwajin a ranar farko a gidan mai, da tun a lokacin na san na ɗauki kayan da ya fi ƙarfina.

Idan kana da ɗan uwa da ke shirin shiga irin wannan ciniki, ka tura masa ya karanta kafin ya je. A rubutu na gaba, in Allah ya yarda, zan nuna maka mataki-mataki yadda ake haɗa na'urar OBD-II da wayar Android, da yadda za ka karanta abin da fitilar inji ke faɗa kafin ka je wurin makaniki.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu da bashin da ba mu da hanyar biya. Amin.